Rum ta ci Sifaniya da yaƙi, silima ta mai da labarin rigimar cikin gida

Ranar 31 ga Agusta, 2008, Pep Guardiola ya jagoranci Barcelona a wasansa na farko na La Liga a matsayin koci, ya kuma sha kashi da ci ɗaya mai ban haushi a hannun wata ƙaramar ƙungiya ta birnin Soria mai suna Numancia. Masu zaman gidan kallon ƙwallo na wancan lokaci ba za su manta da sunan ba. Sunan kuwa aro ne daga wani gari da ya mutu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kufansa na nan kan wani tudu a Garray, arewa kaɗan da Soria.

A shekara ta 134 kafin Miladiyya Rum ta tura babban janar ɗinta, Scipio Aemilianus, wanda ya rushe birnin Carthage na ƙasar Tunisiya ta yau, ya zo ya kawo ƙarshen wannan ɗan gari da ya shafe shekara ashirin yana kunyata sojojinta. Scipio ya ƙi yarda a gwabza a fili. Ya zagaye garin da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 9, ya kafa sansani bakwai, ya datse kogin Duero da gungumen itace masu kaifin ƙarfe don kada ko mai iyo ya sulale. Mayaƙansa sun kai 60,000, cikinsu har da Jugurtha, yariman Numidiya daga Arewacin Afirka, da giwayensa da maharbansa. Masu ɗaukar makami a cikin gari ba su wuce 8,000 ba. Yunwa ce ta yi aikin. Mutane suka dafa fatu suka ci, da yawa suka zaɓi kashe kansu, a shekara ta 133 aka buɗe ƙofa. Scipio ya ware mutum 50 don bikin nasararsa a Rum, ya sayar da sauran, ya baje garin.

Tsara bayan tsara, yaran makaranta a Sifaniya sun haddace wannan labari tare da na Viriato, makiyayin da ya zama sarkin yaƙi. Masu zane sun zana su, hoton mutuwar Viriato na José de Madrazo yana gidan tarihi na Prado a Madrid. Amma a zamanin da masana'antar fim ta ƙasar ta fi kowane lokaci cika da hular ƙarfe da jan mayafin sojan Rum, wato daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1960, babu wani babban fim da ta yi a kan Numancia ko Viriato. Ta gina wa Amurkawa da Italiyawa birnin Rum, ta ba su aron sojojinta da duwatsunta, amma labarin yadda Rum ta ci ta da yaƙi ta bar shi a aji. Ni a ganina ba rashin kuɗi ya hana ba. Labarin ne yake da ƙaya, domin duk inda aka taɓa shi sai ya koma maganar uba da ɗa, wa da ƙane, suruki da suruki, a ƙasar da ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin 'yan uwa ba.

Ƙasar da ake hayar ta

Bayan yarjejeniyar da Janar Franco ya ƙulla da Amurka a 1953, ƙofa ta fara buɗewa. Sifaniya tana da rana, tana da tsaunuka da hamada da dajin da dusar ƙanƙara ke rufewa, leburanci ba tsada, ƙungiyoyin ƙwadago masu zaman kansu kuwa haramun ne. Kamfanonin waje da ke da kuɗin da doka ta hana su fitarwa daga ƙasar suka ga hanyar kashe su a cikinta. Italiyawa, waɗanda a lokacin suke fitar da fina-finan takobi da takalmin fata kamar ruwa, suka shiga haɗin gwiwa da furodusoshin Madrid. A haka aka yi Los últimos días de Pompeya a 1959, inda Sergio Leone ya ƙarasa aikin bayan darakta Mario Bonnard ya kwanta rashin lafiya, Fernando Rey kuma ya fito a mugun limamin gunki. A haka Vittorio Cottafavi ya yi fina-finansa na 'yan kokawar Rum da na rundunonin Cleopatra. A 1962 Pedro Lazaga, ɗan ƙasar, ya ba da umarnin Los siete espartanos. Labaran duka na wasu wurare ne: Pompeii, Armeniya, Masar, Girka.

Babban yaƙin da ke cikin Spartacus na Stanley Kubrick, na 1960, a filayen kusa da Madrid aka ɗauke shi, kuma rundunonin Rum da ake gani suna matsowa sahu-sahu sojojin ƙasa ne na Sifaniya su kusan 8,000. Matasa 'yan bautar ƙasa na dole, jikokin mutanen da Rum ta murƙushe, su ne suka sa kayan Rum suka murƙushe bayi a gaban kyamara.

Sai Samuel Bronston, haifaffen Bessarabia, wanda ya tare a Madrid ya karɓi situdiyon Chamartín da goyon bayan attajirin Amurka Pierre du Pont. Ya yi King of Kings da El Cid a 1961, sannan ya tunkari abin da ya kai shi ƙasa, The Fall of the Roman Empire, wato faɗuwar daular Rum, na 1964. A Las Matas, hanyar arewa maso yamma daga Madrid, ma'aikata fiye da dubu suka shafe wata bakwai suna gina dandalin tsakiyar birnin Rum, mita 400 a tsaye, 230 a kwance, da haikalai da ginshiƙai da gumaka. Ba fuskar gini kaɗai aka tsayar ba, da yawansu ana iya zagaya su da kyamara. Magina da kafintoci da masu aikin filasta na Madrid sun nuna abin da hannunsu ya iya. Ƙasar da ta iya wannan ba za a ce ganuwar Numancia ta gagare ta ba.

Dangin uwa da dangin uba

Rumawa sun sauka a Empúries, gaɓar Kataloniya, a 218 kafin Miladiyya, a yaƙinsu da Hannibal na Carthage. Ba su gama da ƙasar ba sai shekara ta 19, kusan ƙarni biyu ke nan. Julius Caesar ya ci ƙasar Gaul, Faransa ta yau, cikin shekara takwas. Wannan doguwar turjiya abin alfahari ce ga Basifane.

Sai dai da wane harshe yake alfaharin? Sifananci Latin ne da ya tsufa a bakin mutanen ƙasar. Doka daga Rum ta zo, coci daga Rum take karɓar umarni. Mérida gari ne da aka kafa a shekara ta 25 kafin Miladiyya don tsofaffin sojojin da suka yaƙi mutanen arewa. Gadar ruwa ta Segovia, da duk baƙo ke ɗaukar hoto a gabanta, aikin mai mamaya ce. Kuma ƙasar ba karɓa kaɗai ta yi ba: Trajan, sarkin da daular ta kai iyakar faɗinta a hannunsa, a Italica kusa da Sevilla aka haife shi, Hadrian ma asalin gidansu can ne, masanin falsafa Seneca ɗan Córdoba ne. Halin Basifane a nan ya yi kama da na yaron da aka tsayar tsakar gida aka ce ya zaɓa tsakanin dangin uwa da dangin uba, alhali ya san da ƙarfi uban ya shigo gidan.

Gwamnatin Franco tana son ɓangarorin biyu duka. Tana son Numancia, domin ta nuna Basifane ba ya miƙa wuya. Tana son Rum, domin kalmar daula ba ta fita daga bakin 'yan jam'iyyarta ta Falange, kuma Mussolini, mai da'awar farfaɗo da Rum, shi ya aiko wa Franco dubban sojoji da jirage. A littafin firamare ana iya ajiye su shafi da shafi ba tare da sun yi faɗa ba. A fim ba ya yiwuwa. Fim yana buƙatar jarumi da bos, kyamara kuma dole ta tsaya ko a cikin ganuwa ko a wajenta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Miguel de Cervantes, marubucin Don Quixote, ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Numancia a shekarun 1580. A Disamba 1937, lokacin da sojojin Franco suka yi wa Madrid zobe suna luguden wuta, mawaƙi Rafael Alberti ya sabunta wasan, María Teresa León ta shirya shi a dandamalin Zarzuela. Masu kallo sun fito daga layin burodi ne suka shiga zauren. Babu wanda ya buƙaci a gaya masa wane ne Scipio, ko su wane ne Rumawa, tunda a watan Maris na shekarar aka fatattaki sojojin Italiya a Guadalajara. Madrid ba ta faɗi ba sai ƙarshen Maris 1939. Bayan haka, duk daraktan da zai nuna janar mai haƙuri da sanyin jini yana kashe birni da yunwa ya san hoton wa 'yan kallo za su gani, hukumar tace fina-finai ma ta sani. Kamfanin CIFESA, wanda ya fi kowa yin fina-finan tarihi, ya tsaya kan sarauniya Juana a Locura de amor na 1948, da Agustina de Aragón na 1950, da Columbus a Alba de América na 1951. A nan maƙiyi Bafaranshe ne ko baƙon fada, ba mai rikita lissafi.

Abin da tsofaffin littattafai suka ajiye

Wanda ya koma wa marubutan Girka da Rum zai tarar cewa tun asali mamayar ta gidaje ta bi. Diodorus ya ba da labarin auren Viriato. Surukinsa Astolpas attajiri ne mai hulɗa da Rumawa. Ranar biki aka baje kofunan zinariya da azurfa da tufafi masu tsada. Ango ya zo ya tsaya dogare da mashinsa yana kallon kayan da raini. Aka yi aka yi ya yi wanka ya zauna, ya ƙi. Ya ɗauki burodi da nama ya raba wa mutanensa, ya ci kaɗan a tsaye, ya ce a kawo amarya, ya ɗora ta kan doki ya nufi duwatsu. Tambayar da ya yi wa surukin ita ce ta yaya Rumawa, masu kwaɗayin dukiya, suka ga wannan duka suka bar masa. A wannan tsakar gida kaɗai akwai ƙasar gaba ɗaya: mai dukiya da ya ga zaman lafiya da baƙo ya fi riba, matashin da ya tsira daga kisan gillar da gwamnan Rum Galba ya yi wa mutanensa Lusitaniyawa a shekara ta 150 bayan ya yaudare su da alkawarin gonaki, da yarinyar da ba wanda ya tambaye ta. Viriato ya yi shekara takwas yana wahalar da Rum. A 139 mutanensa uku da ya aika sulhu, Audax da Ditalcus da Minurus, suka karɓi alkawarin lada daga janar ɗin Rum Caepio suka dawo suka yanka shi yana barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin Lutia ya fi wannan ɗaci. Ana tsakiyar zoben Numancia, wani jarumi mai suna Retogenes ya haura ganuwar Scipio da dare ya tafi neman gudummawa. Garuruwa suka yi ta korarsa don tsoro. A Lutia samari suka ce za su tafi. Dattawan garin suka aika wa Scipio a ɓoye. Ya iso da asuba, ya ce a fito masa da masu laifi, aka miƙa masa matasa 400, ya sa aka yanke musu hannuwa. Iyaye ne suka ba da 'ya'yansu don gari ya tsira, kuma garin ya tsira. Ban ga yadda za a ɗauki wannan a fim a fito da mai gaskiya guda ɗaya ba. Ko a ɓangaren Rum gidan a tsage yake: Tiberius Gracchus, wanda ya taɓa ƙulla sulhu da Numancia majalisa ta yi watsi da shi, ɗan'uwan matar Scipio ne, an kuma kashe shi a Rum a shekarar da garin ya faɗi, Scipio bai nuna alhini ba.

Cervantes ya fahimci inda ciwon yake. A wasansa akwai saurayin da ya kutsa sansanin Rumawa don ya samo wa budurwarsa Lira abinci, ya dawo da burodi jiƙe da jininsa, ya miƙa mata ya faɗi matacce. Akwai Teógenes, babban gari, da ya kashe matarsa da 'ya'yansa da hannunsa don kada su zama bayi. Wanda ya karanta zai ga cewa takobin Barume bai cika bayyana ba. Yawancin jinin da ke zuba na gida ne, hannun gida kuma ke zubar da shi.

Inda rigimar ta ɓulla

Abin da aka hana shi fita ta ƙofa ya fita ta taga. Silimar Sifaniya ta bayan 1939 cike take da gidajen da suka rabu. Raza, wanda aka fara haskawa a 1942, Franco da kansa ya rubuta labarinsa da sunan aro Jaime de Andrade, José Luis Sáenz de Heredia ya ba da umarni. Gidan Churruca ne: uba jarumin sojan ruwa ya mutu a yaƙin Kyuba na 1898, ɗa ɗaya, José, soja ne mai biyayya, ɗaya malamin coci ne da aka harbe, ɗaya kuma, Pedro, ɗan siyasar Jamhuriyar da Franco ya yaƙa ne, da ya tuba daga ƙarshe ya biya da ransa. Franco yana da ƙane, matuƙin jirgi Ramón, wanda ya daɗe yana ɓangaren 'yan Jamhuriya, mahaifinsu kuma ya bar uwarsu ya tare da wata mace a Madrid. Mai mulkin ya gyara gidansu a kan allo. Shekara biyu kafin haka, fim ɗin haɗin gwiwa da Italiya Sin novedad en el Alcázar ya nuna Kanar Moscardó, wanda aka yi wa zobe a sansanin Toledo a 1936, yana magana da ɗansa ta wayar tarho ya kuma zaɓi a kashe yaron da ya miƙa sansanin. Wannan ita ce Numancia da gwamnati ta yarda a gani: uba yana sadaukar da ɗa, amma masu zoben su ne 'yan Jamhuriya.

Rum ta gida kuwa ta shigo ta hannun Seneca. A 1956 Manuel Mur Oti ya ɗauki wasansa na Phaedra ya dasa shi a wani ƙauyen masunta na bakin teku, ya kira fim ɗin Fedra. Emma Penella ce Estrella, yarinyar da matan gari suka tsana maza ke bi da ido, ta auri attajiri mai jiragen kamun kifi alhali zuciyarta na kan ɗansa, wanda Vicente Parra ya fito a matsayinsa. Babu soja ko ɗaya a ciki, babu mashi, amma a ganina ya fi yawancin fina-finan hular ƙarfe kusanci da Rum, domin ya kama abin da marubutanta suka fi tsoro, wato gidan da ikon uba ya kasa riƙewa.

Shi kansa babban fim ɗin Bronston, wanda Anthony Mann ya ba da umarni, da an cire masa dandali da dawakai labarin gado ne. Sarki Marcus Aurelius, wanda Alec Guinness ya fito a matsayinsa, yana bakin daga a ƙasar Jamus, wadda a zahiri dajin Valsaín ne kusa da Segovia cikin hunturu. Ya yanke shawarar hana ɗansa Commodus sarauta ya ba janar Livius, abokin ɗan kuma masoyin 'yarsa Lucilla. Kafin ya sanar, wani makaho na fada, Cleander, ya zo masa da tuffa da wuƙar da aka shafa wa guba a gefe guda. Ya raba ɗan itacen biyu, ya ci rabin da gefe mai tsabta ya taɓa a gaban sarki, ya miƙa masa ɗayan. Ba a ɗaga murya ba, ba a zare takobi ba. Daga nan Christopher Plummer ya karɓi fim ɗin a matsayin Commodus, mutumin da bai taɓa samun yardar uba ba, wanda daga baya ya gano cewa ma ba ɗan sarki ba ne, ɗan wani tsohon ɗan kokawa ne, ya kuma kashe wannan uban na jini da hannunsa. Tarihi bai faɗi haka ba. Marcus Aurelius ciwo ne ya kashe shi a 180, shi ya naɗa Commodus da kansa, sai dai gaskiya ne Lucilla ta shiga makircin kashe ɗan'uwanta, aka kore ta zuwa tsibirin Capri aka halaka ta a can. Asalin gidan kuwa, ta wajen kakannin uba, daga Ucubi ne, kusa da Córdoba.

Wurin da ya fi taɓa maganarmu shi ne zaman majalisar dattawa, inda Timonides, tsohon bawa Bagirke da James Mason ya fito a matsayinsa, yake roƙon a ba ƙabilun da aka ci da yaƙi ƙasar noma da 'yancin zama Rumawa, dattawa na cewa hakan zai lalata daular. A ƙasar Sifaniya aka ɗauki wannan muhawara, ƙasar da amsar ta riga ta tabbata a jikinta, amma da bakin baƙi aka yi ta, a kan Jamusawa. Fim ɗin ya ci abin da ya haura dala miliyan 16, bai mai da kuɗinsa ba, a 1964 kamfanin Bronston ya durƙushe. Shekara guda bayan haka Richard Lester ya zo Madrid ya ɗauki fim ɗin barkwanci na Rum da Buster Keaton a ƙarshen rayuwarsa. A 2000 Ridley Scott ya maimaita labarin gidan Marcus Aurelius a Gladiator, ya mai da jarumin Basifane mai gona kusa da Trujillo. Shi ma janar ɗin Rum ne, ba ɗan turjiya ba.

Corocotta ya iso a makare

Franco ya mutu a Nuwamba 1975, aka soke tace fina-finai a 1977, kundin tsarin mulki na 1978 ya ba yankuna damar mulkin kansu. Kowane yanki ya shiga neman kakansa. Lardin Santander, da aka daɗe ana lissafa shi cikin Castilla, yana fafutukar zama Cantabria, abin da ya samu a ƙarshen 1981. Cikin wannan yanayi, a 1980, aka fitar da Los cántabros, fim ɗin da ya fuskanci mamayar Rum kai tsaye.

Wanda ya ba da umarni Jacinto Molina ne, wanda duniya ta fi sani da Paul Naschy, tsohon zakaran ɗaga ƙarfe da ya yi suna tun 1968 a matsayin mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci a fina-finan ban tsoro. Yana saurayi ya tsaya cikin 'yan cika taro a King of Kings na Bronston. Dan Barry, wato Joaquín Gómez Sáinz, shi ya fito a Corocotta, jagoran mutanen duwatsu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, kuma ana gani: inda Kubrick ya jera dubbai, a nan 'yan tsiraru ne ke gudu tsakanin itatuwa. Kasuwar irin waɗannan fina-finai ma ta mutu tun shekara goma sha biyar baya.

Tarihin da ke ƙarƙashinsa babba ne. Yaƙin arewa ya ɗauki shekara goma, daga 29 zuwa 19 kafin Miladiyya. Sarki Augustus ya zo da kansa a 26, ciwo ya mai da shi Tarragona. A ƙarƙashin duwatsun yankin akwai zinariya, ramukan Las Médulas na lardin León shaida ne har yau. Strabo ya rubuta cewa iyaye mata sun kashe 'ya'yansu kafin a kama su, wani yaro kuma ya sami takobi ya kashe iyayensa da 'yan'uwansa da ke ɗaure bisa umarnin mahaifinsa. A shekara ta 19, bayan 'yan Cantabria da aka sayar bayi sun kashe iyayengijinsu sun komo gida sun sake tayar da yaƙi, Augustus ya turo surukinsa Agrippa, mijin 'yarsa Julia. Ya kashe kusan duk namijin da ya isa ɗaukar makami, ya sauko da sauran daga duwatsu zuwa kwari, ya kuma ƙi karɓar bikin nasara da aka yi masa tayi.

Corocotta kuwa layi kaɗan ne a littafin Cassius Dio. Ɗan fashi ya kira shi, wanda ya addabi ƙasar Iberiya har Augustus ya sa lada mai tsoka a kansa, sai mutumin ya kawo kansa, sarki ya ƙyale shi ya kuma ba shi kuɗin. Dio bai ce ɗan Cantabria ne ba. Bajamushen masanin tona ƙasa Adolf Schulten, wanda ya tono sansanonin Scipio a Numancia tun daga 1905, shi ya ɗora masa rawanin jagoran turjiya, yankin da ke neman gwarzo ya karɓa hannu biyu.

Abu biyu ne suka sa nake ganin fim ɗin ya cancanci a tuna da shi duk da talaucinsa. Naschy, da yake shi ne darakta kuma tauraron da ake sayen tikiti dominsa, Agrippa ya zaɓa wa kansa, mai mamaya, bai kuma mai da shi dodo ba. Ko a fim ɗin da aka yi don ɗaukaka waɗanda aka ci da yaƙi, Basifane bai iya sakin Barume ba. Na biyu, cikin dattawan 'yan wasan akwai Alfredo Mayo, wanda shekara 38 baya shi ne José Churruca, ɗan kirki na Raza, surar da Franco ya zana wa kansa. Fuskar Sifaniya guda ɗaya mai daula ta tsufa a cikin fim ɗin da ke yi wa wani yanki shelar asalinsa na daban.

Sai a 2010 talabijin ta Antena 3 ta kawo Viriato cikin shiri mai dogon zango, Hispania, la leyenda, da Roberto Enríquez a matsayinsa da Lluís Homar a matsayin Galba. A garin Los Corrales de Buelna kuma, tun 2001, duk ƙarshen Agusta mutanen gari ke rabuwa biyu, wasu su sa fatar 'yan duwatsu wasu su sa sulken Rum, maƙwabta da surukai su yi ta yaƙin wasa.

Labarin da nake ganin ya fi kowanne dacewa da silimar ƙasar har yanzu yana kwance a littafin Livy. A shekara ta 171 kafin Miladiyya wata tawaga ta iso majalisar dattawan Rum daga Sifaniya a madadin mutum fiye da 4,000. 'Ya'yan sojojin Rum ne da matan ƙasar suka haifa. Doka ba ta san da auren iyayensu ba, saboda haka su ba Rumawa ba ne, a garuruwan iyayensu mata kuma jinin maƙiyi ne. Ba fansa suka zo nema ba, ba kuma gadon uba ba. Gari suka roƙa a ba su da za su zauna. Majalisa ta umarce su da su kai sunayensu wurin gwamna Lucius Canuleius, ta ba su Carteia, a bakin teku kusa da Gibraltar, ta kuma yarda mutanen garin na asali da ke son zama su zauna a raba gonaki da su. Shi ne gari na farko a wajen Italiya da aka ba matsayin mazaunin Latinawa, shekara 38 kafin Scipio ya baje Numancia.